Hotunan Baƙo Sun Fito Rawaya

Tun hoton farko da ya ɗauka gaban Mai Fenti ya faɗi, ya kuwa ƙi gaya wa kowa.

Kyamarar ƙarama ce, ba ta fi sabulun wanka girma ba, ruwan azurfa, da 'yar igiya da ake zura hannu a ciki. Surukinsa ne ya bar masa ita. Mai walda ne a wani jirgin ruwa na dakon kaya, idan ya tafi sai ya yi watanni ƙafarsa ba ta taka ƙasa ba. Da zai koma aiki matarsa Auta tana da tsohon ciki, sai ya kawo ta gidan iyayenta, ya durƙusa gaban Mai Fenti yana kallon ƙasa, ya miƙa kyamarar da hannu biyu. Roƙonsa ɗaya ne: idan Allah ya sauke ta lafiya, a ɗauki hoton abin da aka samu, a kai katin kyamarar shagon hoto na bakin titi, su za su tura masa ta intanet. Ya nuna masa madannin kunnawa da na ɗauka, ya ce sauran kada ya damu da su.

Allah ya sauke ta lafiya, aka sami namiji. Auta ta sha yin ɓari kafin wannan, saboda haka murnar gidan irin ta mai ɗauke da ƙwai a tafin hannu ce: ana dariya, ana taka ƙasa a hankali. Kakar yaron, wadda kowa ke kira Iya, ta ce ita ta yi sabon miji, tsohon ya tattara gwangwanayen fentinsa ya ba su wuri. Mai Fenti ya ce shi dai baƙo ya gani, ba zai yarda miji ba ne sai ranar da ya gan shi ya shigo da cefane. Daga nan sunan ya bi yaron, kowa Baƙo, Baƙo.

A ɗakin ƙurya aka sa mai jego da ɗanta. Taga ɗaya ce a ɗakin, tana kallon bangon maƙwabta, Iya kuma ta rufe ta da labule mai kauri don kada sanyi ya shigo. Ƙwan lantarki irin na da shi ke ci dare da rana. Mai Fenti da hannunsa ya yi wa ɗakin fenti kafin haihuwar, fari tas, shafi biyu, duk da ya daɗe da ajiye aiki saboda tsani ya fara yi masa rawa a ƙafa.

A hoto kuwa bangon nan ya fito ruwan ɗorawa. Zanin gado rawaya, hannun Auta rawaya, har farin kofin da ke kan kujera. Wannan bai dame shi kamar fuskar yaron ba. A kowane hoto fuskar Baƙo ta fito dishi-dishi, ta ja gefe guda, kamar an bi ɗanyen fenti da jiƙaƙƙen tsumma. Mai Fenti ya san wannan shafar sarai. Ita mai aiki ke yi idan ya ga abin da ya zana ba mai zama ba ne, sai ya goge tun bai bushe ba. Ya ɗauka, ya sake ɗauka, yaron dai bai tsaya a hoto ba, kamar wanda ya leƙo ɗaki ƙafarsa ɗaya tana waje.

Shi mutum ne mai irin waɗannan tunane-tunanen. Yana saurayi ya taɓa zama yini guda gaban bango yana kallon yadda shuɗi ke sake fuska idan yana bushewa, har mai gidan ya zaci aljanu ne suka taɓa shi. Ya kuma san idonsa ya fara yin yana, likitan ido ya gaya masa masu irin wannan ciwon, duniya takan zame musu kamar ana kallonta ta cikin ruwan shayi. Sai ya ɗora laifin a kan idonsa, ya yi ta'awizi, ya kai katin shago. Mai shagon, wanda unguwa ke kira Gilashi saboda kaurin tabaraunsa, yana fama da layin masu hoton fasfo. Ya karɓa ya tura, ya miƙo katin ko dubawa bai yi ba.

Kashegari da hantsi waya ta yi ƙara. Surukin ne, muryarsa tana zuwa tana komawa, ga iska, ga rurin inji a bayansa. Ya yi gaisuwa irin ta surukai, doguwa, ya tambayi Iya, ya tambayi ƙafar Baba, ya tambayi masu jiki ba tare da ya kama sunan kowa ba. Sannan muryar ta canza.

"Baba, na ga hotunan... idon... shawara..."

Daɗi ya kama Mai Fenti. Tunda yaron nan ya auri 'yarsa bai taɓa neman shawararsa a kan komai ba, sai gaisuwa da sunkuyar da kai. Ya jawo bokitin fenti ya kife, ya zauna, ya gyara murya. Ya ce masa zama uba ba wasa ba ne. Ya ce ɗa kamar sabon bango yake, abin da ka fara shafa masa shi zai riƙa tasowa ko ka bi da shafi goma. Ya ce ya rage zafin rai, ya riƙa kiran gida, kada ya yarda teku ta zame masa gari. Can cikin iskar yana jin surukin yana cewa to Baba, na'am Baba, don ba a katse suruki yana magana.

"Baba, ku gafarce ni, shawarar nake cewa..."

"Ai ita nake ba ka, ɗana. Ka dai saurara."

Bai kai ƙarshen zancen ba wayar ta yanke. Ya bi kiran, aka ce ba a samun lambar. Dama surukin ya faɗa a gaisuwa cewa yanzu za su ɗaga daga tasha, sai sun kai wata gaɓar za a sake jin sa.

Mai Fenti ya shiga ciki yana taƙama, ya gaya wa Iya yau an san darajar furfura. Iya ta ce lallai teku ta juya wa yaron nan kai, tunda har ya rasa wanda zai tambaya sai mutumin da ke hira da bango. Tana maganar tana kallon Baƙo, tana yabonsa: ba kuka, ba rigima, barci kawai, miji na gari ke nan. Auta ta ce ita dai barcin ya fara isar ta, ko nono ta ba shi sai ya ja kaɗan ya saki. Iya ta ce kada ta yi wa Allah butulci, wasu neman irinsa suke yi. Mai Fenti ya tsaya a bakin ƙofa, abin nan na jiya ya sake taso masa a ƙirji. Ya sa kyamarar a aljihu ya ce bari ya kai a duba ta, kada uban yaro ya ce ba a iya komai ba a gidan.

Shagon Gilashi ɗan tsukuku ne, tsakanin mai gyaran takalmi da kantin magani. A ciki akwai farin ƙyalle a bango na masu fasfo, da kujera mai juyawa, da kwamfuta a kan tebur, da kwali cike da matattun kyamarori da masu su ba su dawo ba. Da Gilashi ya ga Mai Fenti, ya ce ga wanda ya yi masa fentin da ya ɓare tun kafin ya sauko daga tsani. Mai Fenti ya ce bangon da ke kallon fuskar Gilashi kullum ai dole ya ɓare. Suka gaisa, Gilashi ya zare katin ya sa a kwamfuta, hotunan suka fito manya-manya. Ya matso da tabarau, ya yi dariya.

"Baba, gidan naku duka shawara kuke yi ne? Bango shawara, gado shawara, har kofi bai tsira ba."

Mai Fenti ya buɗe baki zai rama, sai kalmar ta doki kunnensa. Shawara. Wadda ake ba mutum da baki daban, wadda ke kama jiki ta mayar da farin ido rawaya daban, sunansu kuwa ɗaya. Na ga hotunan, idon, shawara. Yaron nan yana tsakiyar ruwa, ya ga idon ɗansa, ya sami 'yar dama ya kira, shi kuma ya kife bokiti ya zauna yana yi masa wa'azi.

Ya lalubi kujerar mai juyawa ya zauna, ta juya da shi kaɗan. Ya san abin da shawara ke yi wa jariri. Wani abokin aikinsa da suka yi shekaru suna riƙe wa juna tsani yana da ɗa irin wannan, an ce a makon haihuwa ta kama shi, ba a farga ba. Yaron ya rayu, ya girma, amma wuyansa bai taɓa tsayawa ba, ko an fasa kwano a bayansa ba ya waiwayowa.

Ya gaya wa Gilashi abin da ya faru a waya, a taƙaice, muryarsa ba daɗi. Sannan ya tura masa kyamarar a kan tebur.

"Duba ta da kyau. Ka ce mini ita ce ba ta da lafiya."

Gilashi ya daina dariya. Ya kunna ta, idonta ya turo kai waje, ya karkata ta wajen haske. Ya ce to ga na farko: shatin babban yatsa ne kwance a kan gilashin, da maiƙon man shafawa, duk abin da za ta gani ta cikin wannan maiƙon za ta gan shi. Ya hura mata numfashi, ya goge da wani lallausan ƙyalle, a hankali, yana kewayawa. Mai Fenti ya ce alhamdulillahi.

Gilashi ya nuna masa wata 'yar ƙafa mai juyawa a saman kyamarar, mai ƙananan zane-zane a jiki. Ya ce ta goce ta koma kan hoton jinjirin wata, watau aikin dare, wataƙila a aljihu ta murɗe. Idan tana nan, sai ta daɗe da ido a buɗe tana tara haske, ko numfashi mai riƙe da ita ya yi sai ya fito a hoton, balle hannun tsoho. Shi ya sa fuskar yaron ta ja gefe. Mai Fenti ya sake cewa alhamdulillahi, ya dubi tsofaffin hannayensa a kan gwiwa kamar ya gode musu. Ashe ba yaron ne ke gogewa ba.

Na uku ya fi ba Gilashi wuya, sai da ya yi ta danne-danne yana shiga yana fita. Ya ce ita kyamara ba ta san fari ba, gaya mata ake yi. Wani ya sa ta a kan hoton gajimare, tana zaton a waje take ranar hadari, sai take ƙara wa komai ja-ja don ta ɗumama shi. Ka shiga da ita ɗaki mai tsohon ƙwai a haka, dole duniya ta fito ruwan ɗorawa. Ya gyara, ya ɗauki farin ƙyallen bango, ya nuna masa: fari ƙal.

Ba a taɓa yin mutumin da ya ji daɗin a ce kayansa sun lalace kamar Mai Fenti a wannan lokacin ba. Laifi uku, duka na kyamara da na hannunsa. Ya miƙe zai yi godiya, Gilashi ya riƙe igiyar kyamarar bai saki ba.

"Baba, ni ba likita ba ne. Amma agogo ya tsaya ba ya hana rana faɗuwa. Na gyara ta ne don ta daina ƙarya, ban san gaskiyar da za ta faɗa ba."

Ya koya masa abin da zai yi. Ya ba shi farar takarda guda, ya ce a cikin ɗakin, ƙarƙashin hasken da yaron yake, ya cika idon kyamarar da takardar ya danna nan, ya riƙe har ta yi ƙara. Ta haka za ta gane wannan shi ne fari a ɗakin nan, ta auna sauran launuka da shi. Kada ya riƙe ta a hannu, ya ɗora ta a kan abu mai ƙarfi. Ya nuna masa madannin da ke sa ta jira kaɗan kafin ta ɗauka, don hannu ya bar jikinta. Ya sa shi ya maimaita har ya iya. Ya ce kuma a ɗage labule, in da hali ma a fito da yaron haske. Mai Fenti ya ɗaga takardar sama yana dubawa, ya ce wannan farin ya ɗan karkata wajen shuɗi. Gilashi ya ce ya tafi da shi haka nan, yau ba ranar zaɓen fari ba ce.

A hanya duk abin da ya kalla rawaya ne. Ayabar mai tebur, jarkokin da aka jera a bakin famfo, layin da aka ja a gefen titi, rigar wata yarinya da ke tsallakawa. Bai taɓa sanin garin yana da rawaya da yawa haka ba. Yana tafiya yana lissafin laifuffukan kyamarar kamar mai jan carbi, maiƙo, jinjirin wata, gajimare, yana gaya wa kansa sun isa su bayyana komai. Amma barcin fa? Kyamara ba ta sa yaro barci. Ya ƙara sauri har ƙafar da ke masa ciwo ta fara ja.

Iya ta tare shi a ƙofar ɗaki, ta ce kishi ne ya dawo da shi da rana tsaka, kada ya tashe mata miji. Ya ratsa ta gefenta ya shiga. Ya kasa furta kalmar shawara, gani yake idan ya kira sunanta a ɗakin kamar ya buɗe mata ƙofa ne. Ya ce hoto kawai zai sake, na jiya ba su yi kyau ba. Ya shigo da bokitin fenti ya kife kusa da gado, ya ɗora kwali a kai, ya ɗora kyamarar. Ya zuge labulen, wani siririn haske ya faɗo daga saman bangon maƙwabta. Iya ta fara faɗan sanyi, ta dubi fuskarsa, ta bar labulen a buɗe.

Ya nuna wa kyamarar takarda, ya danna, ya riƙe har ta yi ƙara. Ya gwada ɗaukar bango. A ɗan allon bayanta bangon ya fito kamar yadda ya bar shi ranar da ya wanke buroshi, kofin ya fito fari, zanin gado ya dawo da furanninsa shuɗɗa, komai tsaf ba rawa. Ko da idonsa mai yana ya ga bambancin.

Saura ido. Ya ce wa Auta ta ɗago yaron ta haɗa kumatunta da nasa, ta kalli kyamara, ta sa shi ya buɗe ido. Ta shafa masa kai, bai motsa ba. Ta sosa masa tafin ƙafa, ya ɗan janye ya ci gaba da barci. Ta kira shi, Baƙo, Baƙon Iya, ta hura masa iska a goshi. Mai Fenti yana dannawa, 'yar jar fitila tana ƙyaftawa, kyamara tana ɗauka, kowane hoto ido a rufe. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar kyamarar. Iya da kanta ta jiƙa tsumma da ruwan sanyi ta goga wa yaron a wuya. Ya yamutsa fuska, ya buɗe ido a kasalance, ya juya su gefe kamar mai neman wanda ya dame shi, daidai lokacin kyamarar ta ɗauka.

Mai Fenti ya ɗauko ta, ya matso da hoton kamar yadda Gilashi ya nuna masa, har fuskoki biyu suka cika allon. Hoton ya fito garau, ana iya ƙirga gashin girar Auta. Ya duba, ya sake dubawa, ya yi addu'a a ransa Allah ya sa ruwan shayin idonsa ne. Ya miƙa wa 'yarsa.

"Auta, idona ba shi da tabbas. Dubi farin idonki, ki dubi nasa. Ki gaya mini ko iri ɗaya ne."

Ta daɗe tana kallo. Ta ajiye kyamarar a kan gado, ta miƙe da yaron a ƙirji, ta bi ta falo ba takalmi, ta fita har tsakar gida inda rana take. Suka bi ta. Ta ja fatar ƙasan idonsa da yatsa. A hasken rana ba a bukatar kyamara, ba a bukatar idon saurayi. Farin idon Baƙo ya koma kamar ƙwanduwar ƙwai. Ta buɗe bakinsa, dasashin ma haka. Ta danna masa ƙirji da yatsa ta ɗaga, wurin ya bar shati rawaya.

"Shawara ce, Baba," in ji ta, a hankali.

Iya ta fara cewa ai yara da yawa sukan yi haka ya wuce, nata ma akwai wanda ya yi. Ta juyo ta dubi mijinta, ya ga ta tuna wayar safe, ta haɗa ɗaya da ɗaya. Da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta shiga ciki ta fito da mayafai biyu da takalman Auta a hannu.

Tasin da suka samu ta tsohon direba ce mai son hira, ya fara yi musu barka, ya leƙa madubi ya ga fuskokinsu, ya kama bakinsa ya taka mota. A mahadar kasuwa suka tarar da cunkoso, wata babbar mota ta mutu a tsakiyar hanya. Mai Fenti yana gaba, ba ya iya waiwayawa, sai ya kasa kunne yana neman numfashin yaron a cikin hon da hayaniyar masu talla. Ba ya jin komai. Lokaci-lokaci yakan ce, yana nan? Auta ta ce yana nan. Direban ya hau gefen titi, ya bi ta wani lungu mai kwata, ya fitar da su ta bayan asibiti.

Nas ɗin da ke karɓar yara ta buɗe zanin, ta duba ido, ta danna hanci, ta ɗaga hannun yaron ta saki ya faɗi yaraf. Ba ta ce su bi layi ba. Wannan ya fi komai tsorata Mai Fenti, don ya san asibiti, ya san wanda ake tsallakar da shi layi. Aka ɗebi jini a diddigen Baƙo, ya yi wani ɗan kuka siriri ya koma barci.

Likitar mace ce, doguwa, mai magana a hankali. Ta tambayi yaushe idon ya fara canzawa. Auta ta ce ba ta sani ba, ɗakin ba haske. Iya ta sunkuyar da kai. Mai Fenti ya ce ko a hoton jiya akwai shi, uban yaron ya gani daga inda yake. Likita ta ce abin ya hau sosai, yana dab da inda sai an canza wa yaro jini gaba ɗaya. Za su sa shi a ƙarƙashin fitila ta musamman mai narkar da abin, a yi ta ba shi nono ko ba ya so, a sake auna jinin da safe. Idan ya sauka, to. Idan bai sauka ba za a yi canjin, kuma abin da suke gudu shi ne ya taɓa kunne da ƙwaƙwalwa. Mai Fenti ya so ya tambaya ko da an kawo shi tun hantsi da abin bai kai haka ba. Ya kasa, don yana tsoron amsar.

Ta bayan gilashi kawai aka bar shi ya leƙa. An tuɓe Baƙo, an rufe masa ido da wani ɗan ƙyalle mai kauri, an kwantar da shi a akwatin gilashi, shuɗin haske yana zuba a kansa. Mai Fenti ya yi shekaru yana haɗa shuɗi, bai taɓa ganin irin wannan ba. Ba shi da ɗumi ko kaɗan. Ya mayar da fatar yaron toka-toka, ya mayar da Auta da ke zaune a gefe kamar wadda aka tono daga kabari. Ya manna goshi a gilashin yana kallon ɗan ƙirjin, sai ya ga ya ɗaga sannan shi ma ya ja numfashi. Da yamma mai gadi ya zo ya ce maza su tafi gida, mata kawai ke kwana.

Gari na wayewa yana bakin ƙofar asibiti, da rigar jiya a jikinsa. Ya zauna a dogon benci na barandar ɗakin jarirai. Iya ta fito idonta jawur, ta ce an ɗebi jinin tun ɗazu, ana jira. Ta ce yaron ya kama nono cikin dare, ya ja da ɗan ƙarfi, amma ita ba ta san ko wannan wani abu ba ne. Ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Can ta matso, ba ta dube shi ba, ta ce ita ce ta rufe tagar. Ya ce ta bari.

Duk wanda ya fito daga ƙofar nan sai Mai Fenti ya zabura ya dube shi. Nas ta fito da tire ta wuce. Wani mutum ya fito yana share ido da hula, Mai Fenti ya kawar da kai. Rana ta hau har ta kai ƙafar bencin. Sannan likitar ta fito da takarda a hannu, tana tafe tana magana da wata nas, ta wuce su, ta tsaya, ta dawo.

"Ku ne kakannin mai shawara?"

Ya miƙe, ya gyaɗa kai.

"Ya sauka, Baba. Ba sai an canza jini ba. Zai ƙara kwana biyu a fitila, kuma kafin ku tafi za mu gwada kunnensa, amma yadda yake tsotso yanzu hankalina ya kwanta."

Iya ta rufe fuska da mayafi. Mai Fenti ya so ya yi godiya mai tsawo irin wadda ta dace, likitar kuma har ta yi gaba. Ya koma zai zauna, bai kai bencin ba, sai ya sulale a ƙasa ya jingina da bango, ya miƙe ƙafa a tsakiyar baranda kamar yaro. Mutane suna kewaye shi suna wucewa. Wata mai shara ta iso da bokiti da sandar goge ƙasa, ta tsaya a kansa, ta ce Baba a ɗan ɗaga ƙafa. Ya ɗaga su duka biyun sama, ya riƙe gwiwoyinsa da hannu, ta goge ƙarƙashinsu ta wuce, shi kuwa yana nan riƙe da su har ƙasan ta bushe.